Darasin Kasuwanci: Guna Da Inda Ribarta Take

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Nguru, ta ratsa Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ta nufi Gashuwa a cikin watannin hunturu, zai ga wani abu da baƙo ba kasafai yake kula da shi ba. An riga an girbe gero, ciyawa ta bushe, iska tana ɗauke da ƙura, amma ga wani yaɗo kore shar kwance bisa rairayi, ɗauke da ƙwallaye masu kama da ƙananan kankana. Wannan ita ce guna. Mutanen arewacin Jihar Yobe sun daɗe da saninta, suna miya da ƙwayarta, suna tatsar mai daga cikinta, suna kuma ciyar da dabbobi da sauran. Amma a manyan kasuwannin ƙasar nan, 'yan kasuwa da dama da suka ƙware kan gyaɗa da riɗi da wake ba su san yadda ake cinikinta ba.

Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, noman guna ba shi da tsada, kuma ba a cikin gona ake samun yawancin riba ko hasara ba. Ana samunsu ne tsakanin ranar da aka fasa ƙwallon da ranar da aka ɗinke bakin buhu. Ɗan kasuwar da ya fahimci wannan tsakani shi ne zai ci moriyar cinikin.

Asalinta da danginta

Guna tana cikin dangin duma da kabewa da soso da garahuni, amma 'yar'uwarta mafi kusa ita ce kankana. Masana tsirrai suna kiran wannan zuriya da suna Citrullus. A rubuce-rubucensu, wasu sun sanya gunar arewa maso gabashin Nijeriya ƙarƙashin Citrullus lanatus, watau jinsi ɗaya da kankana, wasu kuma ƙarƙashin Citrullus colocynthis, watau jinsin da Hausawa ke kira kwartowa. Agushin da ake nomawa a tsakiya da kudancin ƙasar nan shi ma ɗan wannan gida ne. Sunan guna kuwa tsoho ne a rubuce, domin yana cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da likitan nan J. M. Dalziel ya buga a 1916.

Bambancin guna da kankana yana cikin tsokar ƙwallon. Ta guna fara ce, ba ta da zaƙi, sau da yawa ma tana da ɗaci. Wani sinadari da ake kira kukurbitasin ne ke kawo ɗacin, kuma shi ne makamin da tsiron ke kare kansa da shi. A cikin kwartowar daji wannan sinadari yana da ƙarfi ƙwarai, har tsokarta takan sa zawo mai tsanani, saboda haka ba abin ci ba ce. Ƙwayar guna kuwa, idan aka wanke ta da kyau, ba ta ɗaukar wannan ɗaci.

Binciken zamani ya nuna cewa cin ƙwayar ya girmi shan tsokar. An tono ƙwayoyin wannan dangi masu kimanin shekara 6,000 a wani wuri da ake kira Uan Muhuggiag a hamadar Libiya, kuma nazarin da aka buga a kansu a 2022 ya nuna cewa tsokarsu mai ɗaci ce, alamar cewa don ƙwayar mutanen wancan zamani suke tara su. Wani nazarin na 2021 ya gano cewa wata fararen kankana ta yankin Kordofan a Sudan ita ce mafi kusa da kankanar da duniya ke sha a yau. Ke nan manomin Karasuwa da ke shuka guna don ƙwayarta yana riƙe da sana'ar da ta fi noman kankana tsufa.

Dalilin da ya sa ta dace da wannan ƙasa

Ƙasar da ke arewa da kogin Yobe da fadamun Haɗeja da Nguru jigawa ce mai rairayi. Damina gajeriya ce, wajen wata uku zuwa huɗu, kuma a yawancin shekaru ruwan da ke sauka bai kai milimita 600 ba. Abin da ya fi ƙarfi a gonakin Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulanin yankin shi ne gero, sai wake da riɗi.

Guna ba ta takara da gero. Akan shuka ta ne wajen ƙarshen damina, a tsakanin kunyoyin gero, sa'ad da geron ya kusa nuna. Da an girbe shi, sai filin ya zama nata. Tana da saiwa mai nutsewa ƙasa sosai, wadda ke bin laimar da damina ta bari a ƙarƙashin rairayi, saboda haka takan ci gaba da yaɗo da fure ba tare da ban-ruwa ba, ƙwallayenta su nuna cikin rani. Furenta rawaya ne, namiji daban tamace daban a jikin yaɗo guda, kuma ƙudan zuma da makamantansu ne ke ɗaukar ƙurar wannan zuwa wancan. Don haka yawan feshin maganin ƙwari a lokacin fure yana rage amfani maimakon ya ƙara.

Daga nan fa'idodi uku suke fitowa. Na farko, gona ɗaya tana ba da amfani biyu a shekara, na biyun kuma yana zuwa ne a lokacin da kuɗin kaka suka fara ƙarewa a hannun manomi. Na biyu, yaɗon yana rufe ƙasa a watannin da iskar hunturu ke kwashe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da tulin rairayi ya riga ya mamaye wasu gonaki a Yusufari, jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Na uku, ƙwallon yana riƙe da ruwa, shi ya sa tsokarsa take zama abincin shanu da jakuna a lokacin da kiwo ya yi wuya.

Sai dai wannan fa'ida ta uku tana da wata fuskar. Bisa al'ada, bayan girbi gonaki sukan zama wurin kiwo. Gonar da ke da guna kuwa ba ta gama aiki ba tukuna. Inda ba a yi shawara tsakanin manoma da makiyaya da masu unguwanni ba game da lokacin kwashe guna da lokacin shigo da garke, akan yi ɓarna, a kuma yi rigima. Ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi tun amfani yana gona dole ne ya sa wannan cikin lissafinsa.

Darasi daga gyaɗa

Nguru ta san cinikin ƙwayar mai tun ba yau ba. Layin dogo daga Kano ya isa garin a 1930, ya mai da shi matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi daga Borno ta yamma da kuma Jamhuriyar Nijar ta yau. A shekarun 1960 Nijeriya tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano kuwa ita ce shaida. Sa'an nan fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, sai a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin kadada 700,000 a arewacin ƙasar. Farin 1983 da 1984 ya ƙara tura noman gyaɗa kudu, inda ruwa ya fi yawa. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, farashi ya koma hannun kasuwa, kaya kuma suka bar jirgin ƙasa suka koma kan manyan motoci.

Abin lura a nan shi ne, masana'antar da ta dogara ga ƙwaya iri ɗaya takan tsaya cik ranar da wannan ƙwaya ta gaza. Injin da ke matse gyaɗa yana iya matse riɗi da guna idan an daidaita shi. Tun da yake guna tana shigowa kasuwa ne bayan kakar gyaɗa da riɗi ta wuce, tana iya cike watannin da injin zai zauna ba aiki, ma'aikata kuma ana biyansu.

Daga ƙwallo zuwa buhu

Aikin da ya fi wuya a harkar guna shi ne fitar da ƙwaya. Akan tara ƙwallaye wuri guda, a fasa su da taɓarya ko sanda, a bar su kwanaki har tsokar ta ruɓe ta saki ƙwayar. Sa'an nan a tsame ƙwayar, a wanke, a shanya. Mata da yara ne suka fi yin wannan aiki, yana cin lokaci, yana kuma cin ruwa a ƙasar da ruwa ke da tsada cikin rani. Saboda haka ne injiniyoyin aikin gona na Jami'ar Maiduguri suka duƙufa kan nazarin guna. A 1999 sun buga sakamakon awon girma da nauyi da laimar ƙwayarta, wanda shi ne matakin farko na ƙera injin sarrafa ta.

Akwai wurare huɗu da kaya ke lalacewa a wannan tsakani. Idan an ɗebo ƙwallon bai nuna ba, ƙwayar takan fito ba tsaba a ciki, watau ɓawo kawai. Idan an bar tulin ya wuce kwanakinsa, ƙwayar takan yi baƙi. Idan ba a wanke da kyau ba, ɗacin tsokar yakan manne wa ɓawon, ya bi tsabar wajen ɓara. Idan kuma an shanya a ƙasa ba tabarma ko leda, rairayi ya shiga ke nan, ko kuma a kwashe tun ba ta gama bushewa ba.

Bayan bushewa sai ɓara, watau raba ɓawo da farar tsabar da ke ciki. Akan ɗan yayyafa wa ƙwayar ruwa domin ɓawon ya yi laushi kafin a ɓare da hannu ko da inji. A nan ma akwai tarko, domin tsabar da aka ɓare da laima, in ba a sake shanya ta ba kafin a zuba a buhu, ba za ta yi ƙarko ba.

Lissafin mai saye

Tsabar wannan dangi kusan rabinta mai ne, kusan kashi 30 cikin 100 kuma sinadarin gina jiki ne. Wannan ya sa take gogayya da gyaɗa da riɗi. Amma ba tsaba ake sayarwa a kasuwar ƙauye ba, ƙwaya ce da ɓawonta, ana auna ta da mudu ko tiya. Mudu kuwa cika yake aunawa, ba nauyi ba, kuma ƙwayar da ba tsaba a cikinta tana cika mudu daidai da mai kyau.

Ga misali na lissafi, wanda kowane ɗan kasuwa zai iya sa nasa alƙaluman a ciki. A ɗauka an sayi kilo 100 na ƙwaya. Aka tankaɗe, aka sheƙe, sai kilo 5 na rairayi da shara ya fita, saura kilo 95. A ɗauka kuma laimarta kashi 14 cikin 100 ce, alhali ajiya mai kyau tana bukatar kada ta wuce kashi 8. Bayan an sake shanyawa, abin da zai rage bai kai kilo 89 cikakke ba. Ke nan an biya kuɗin kilo 100 an samu kilo 89, watau ainihin farashin kowane kilo ya hau da kusan kashi 13 cikin 100, tun kafin a yi maganar la'adar dillali da kuɗin lebura da na mota da harajin kasuwa.

Misali na biyu na mai injin matsa ne. A ɗauka kilo 100 na busasshiyar ƙwaya ya ba da kilo 60 na tsaba. Rabin wannan, kilo 30, mai ne. Amma babu injin matsa da ke fitar da mai duka. Idan tunkuzar ta fita da kashi 15 cikin 100 na mai a jikinta, abin da za a samu shi ne kusan kilo 25 na mai, watau wajen lita 27, da kilo 35 na tunkuza. Idan kuwa tsabar kilo 50 ce kawai ta fito, man zai sauka zuwa wajen kilo 21. Wannan rata ta kilo huɗu a kowane kilo 100 tana iya cinye ribar duka. Saboda haka mai hankali ba ya sayen lodi sai ya ɗebi samfuri daga sama da tsakiya da ƙasan buhuna, ya auna kilo ɗaya, ya ɓare, ya sake auna tsabar. Sikeli da ƙaramar na'urar awon laima sun fi kowane rantsuwar dillali amfani. 'Yan kasuwa sun daɗe suna cewa a wajen saye ake cin riba.

Kada kuma a raina tunkuza. Tana da sinadarin gina jiki mai yawa, masu haɗa abincin kaji da masu turken shanu da raguna suna bukatar irinta, kuma Yobe jihar dabbobi ce, kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Sau da yawa kuɗin tunkuza ne ke biyan kuɗin man inji da na ma'aikata.

Fumfuna da guba

Babban abokin gaban wannan ciniki shi ne laima. Ƙwayar mai da aka ajiye da laima cikin zafi takan yi fumfuna, wani irin fumfuna kuma, mai suna Aspergillus flavus, yana haifar da guba da ake kira aflatoksin. Duniya ta farga da wannan guba ne a 1960, sa'ad da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. An tabbatar cewa tana jawo ciwon dajin hanta, dahuwa ba ta kashe ta, kuma ƙwaya tana iya ɗauke da ita ba tare da ido ya gani ba.

Wannan matsala ta riga ta taɓa aljihun 'yan kasuwar Nijeriya. A 2013 Tarayyar Turai ta kafa sharuɗɗa na musamman kan agushin da ke fitowa daga Nijeriya saboda yawan samun aflatoksin a cikinsa, har ta bukaci kowane lodi ya zo da takardar shaidar lafiya da sakamakon gwaji. Iyakar da Tarayyar ta sa wa ƙwayar mai da mutum zai ci kai tsaye ita ce maikirogiram 4 a kowane kilo, watau kashi huɗu cikin biliyan ɗaya. A 2015 kuma ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin wanda ake kira piya-piya, da masu ajiya ke zubawa. Mai cinikin guna yana da darasi a duka biyun: kada ya ajiye kaya da laima, kada kuma ya nemi maganin ƙwari ta hanyar zuba guba cikin abinci.

A wannan fanni Karasuwa da maƙwabtanta suna da wata falala da kudu ba ta da ita. Guna tana nuna ne a lokacin da iska ta fi bushewa a shekara, rana kuma kyauta ce. Ƙwayar da aka shanya bisa leda har ta yi ƙaras a haƙori, aka zuba a buhu mai tsabta, aka jera bisa katako nesa da bango da daɓe, ta fi samun kariya daga fumfuna fiye da wadda aka girbe cikin damina a ƙasar kurmi. Hatsarin yana zuwa ne daga baya, idan an riƙe kaya har ruwan sama ya sauka cikin sito mai yoyo, ko aka ɗora su a mota ba tamfol zuwa kudu. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedkwata a Ilorin da reshe a Kano, ita ce wurin neman shawara kan ajiya.

Kasuwannin da ke akwai

Kasuwa ta farko ita ce ta miya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman agushi, ita ce kuma kan gaba wajen cinsa, kuma tsabar guna tana shiga tukunya kamar yadda agushi ke shiga. Hanyar kaya daga arewacin Yobe ta saba bi ta Kano, inda kasuwar Dawanau take haɗa masu kawowa da masu saye daga kudu da ƙasashen maƙwabta. A nan gaskiya ita ce jari. Wanda ya cakuɗa guna da agushi ya sayar da sunan agushi zalla zai ci riba sau ɗaya ne, ya rasa abokin ciniki. Gara a sayar da ita da sunanta, a rarrabe ta daraja-daraja bisa fari da girma da tsabta.

Kasuwa ta biyu ita ce ta man girki da sabulu. Man guna ruwa-ruwa ne, fiye da rabinsa irin kitsen nan ne da ake kira linoleyik, wanda ya yi yawa a man furen rana. Irin wannan mai yana saurin lalacewa ya yi wari idan ya sha zafi da haske, saboda haka yana bukatar tacewa da mazubi mai rufi. Duk mai son zuba shi a kwalba ya sa masa suna ya sayar, sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC.

Kasuwa ta uku ƙarama ce amma mai tsada, watau ta kayan shafawa. A arewacin Namibiya, ƙungiyar mata ta Eudafano da ke Ondangwa tana tara ƙwayar wata kankanar daji ta yankin Kalahari, 'yar'uwar guna, tana matse ta ba tare da zafi ba, tana sayar wa kamfanonin man shafawa na ƙasashen waje. Tsiron nasu bai fi na Yobe ba. Abin da suka fi da shi shi ne haɗin kai, da daraja ɗaya da ba ta canzawa, da takardun da ke nuna inda kowane lodi ya fito.

Yadda za a shiga

Wanda zai fara wannan ciniki ya fara da kaɗan, kakar farko ta zama ta koyo. Ya nemi ƙungiyar manoma ko ta mata masu wanke ƙwaya a ƙauye ɗaya ko biyu, ya ba su leda ta shanya da buhuna, ya sanya ƙari a kan farashi ga duk wanda ya kawo busasshiyar ƙwaya mai tsabta. Muddin farashin mai rairayi da marar rairayi ɗaya ne, babu dalilin da zai sa wani ya wahala wajen tankaɗe. Idan zai ba da kuɗi tun kafin kaka, a rubuta adadi da daraja da ranar kawowa a gaban shaidu, a kuma yi farashin da ba zai sa manomi ya ga an cuce shi ba, domin manomin da aka matsa wa bana zai kai kayansa wani wuri baɗi.

Sa'an nan ya riƙe littafi. A kowane lodi ya rubuta nauyin da ya saya, da abin da ya fita na shara, da laima, da tsabar da kilo ɗaya ya bayar, da sunan ƙauyen da kayan suka fito. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 tana da sashen aikin gona a tsakiyar ƙasar guna, kuma irin waɗannan alƙaluma ne masu bincike ke bukata domin zaɓo iri mai yawan tsaba. Shi kansa ɗan kasuwar, bayan kaka biyu ko uku, littafin nan ne zai gaya masa ƙauyen da zai koma, da watan da zai saya, da kuma farashin da in an wuce shi gara ya bar kayan a kasuwa.